Abokan Golmon Haggai

Ranar Asabar ɗin da Francis ya nuna fim ɗinsa a zauren taron cocinmu, ni ba kallo ya kai ni ba, faɗa na je yi. Na ɗaura zanen zumuntar mata, na ɗaure kallabi tamau, na bar mijina Haggai a hannun maƙwabciyata Tasalla. Na ce mata in ya tambaye ni ta ce na shiga kasuwa, ko da yake na san ba ni zai tambaya ba. Wata Rebecca yake tambaya, 'yar shekara goma sha tara mai wushirya, wadda ni kaina na daɗe ban gan ta a madubi ba.

Shekara hamsin da ɗaya ke nan da aurenmu. Shekara biyu da suka wuce ya fara manta inda ya ajiye makulli, daga nan sunayen jikoki, daga nan ni. Likita ya ce cutar mantuwa ce ta tsufa, ƙwaƙwalwa ce ke gajiya a hankali, ba ta da magani sai haƙuri da lallashi. Abin da likita bai faɗa mini ba shi ne inda hankalin nasa zai je ya tsaya. Sai ya koma ya tsaya a shekarun golmo. A wajenmu, a zamaninmu, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya yi wa uban yarinya noma damina bakwai, shi da sa'o'insa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. To Haggai yana cikin damina ta bakwai, kuma ta ƙi ƙarewa.

Ni kuwa na zama uwata a idonsa. Da safe in ya gan ni sai ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ba ya cin abinci a gabana, don ba a ci a gaban suruka. Sai in ajiye masa tuwo in koma bayan ƙofa ina leƙensa ta kafa, in ga ko zai ci. Ya kwashe tabarmarsa daga ɗakinmu ya koma ɗakin da muke ajiye hatsi. Kowace safiya sai ya saɓa garma, ya tsaya a bakin ƙofar gida yana duban hanya, yana cewa, "Su Mika ba su zo ba?" In ya gaji da jira sai ya nufi Rikoto shi kaɗai, wai gonar babana, inda yanzu babu komai sai shaguna da gidan burodi. Sau biyu ana dawo mini da shi a kan babur. Daga nan na sayi kwaɗo na sa wa ƙofa.

Ban gaya wa kowa ba sai Tasalla. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a soja, ya fito da igiya uku, wanda in ya yi gyaran murya unguwa ke shiru, shi zan bari a gani yana neman takalminsa a cikin tukunya? Duk wanda ya zo gaisuwa sai in tare shi a bakin ƙofa in ce Sajan yana barci. Ta bakina, Haggai ya yi barcin shekara biyu.

Wanda ban iya tarewa ba shi ne ƙanensa Joel. Ya shigo wata safiya babu sallama, ya tarar da yayansa durƙushe a gabana, hula a hannu. Ya juya ya fita, kafin mako ya zagayo dangi duk sun ji cewa na mallake Sajan, na kore shi daga ɗaki, ina ba shi abinci kamar baƙo. Na nuna wa Joel takardar likita, ya ce takarda ba ta hana asiri ci. Dangi suka zauna ba tare da ni ba, suka yanke cewa ranar Litinin Joel zai zo da mota ya kai yayansa wurin wani mai magani a ƙauye, can bayan Dirin Daji. Na san wurin. Mari ake sa wa mutane a ƙafa, a ɗaure su jikin itace har su daina gardama. Haggai da ba ya cin abinci sai an ɓoye masa fuska, na san ba zai yi wata biyu a can ba.

Ana cikin wannan ne na ji labarin fim. Francis ɗan Joel ne, yana ɗaukar bidiyo a bukukuwa, kuma bara ya zauna gidanmu wata biyu yana wani aiki a gari. Ni na dafa masa, ni na wanke masa, na kuma roƙe shi duk abin da ya gani ya bar shi a cikinsa. Sai ga mata a zumunta suna cewa ɗan Joel ya haɗa fim da kuɗin aljihunsa, labarin wani tsoho da ya ɗauki matarsa a matsayin surukarsa. Jinina ya tafasa. Uban zai ɗauke mini miji ranar Litinin, ɗan zai tona mini asiri ranar Asabar.

Ƙarfe uku na rana aka fara. An rufe tagogi da barguna, an rataya farin zanen gado a bango, janareto yana ta ƙara a waje. Zauren ya cika maƙil. Tsofaffin sojoji sun kama layin gaba kamar an gada musu, har da Mika, babban abokin Haggai tun ƙuruciya, da sandarsa. Kusa da shi Alhaji Abdulmalik, wanda suka yi golmo tare, ya zo da mutanen unguwarsu. Na hango ƙeyar Joel a layi na uku. Ni na zauna can baya kusa da ƙofa, ina jiran a gama in kama Francis.

Ya canza sunaye, wannan kam na yaba masa. Wani tsohon malamin makaranta daga Mahuta ne ya fito a mijin. Amma tukunyar tawa ce, labarin takalmin nawa ne. Da tsohon ya buɗe murfi ya ciro silifas ɗinsa yana ɗigar miya, zauren ya fashe da dariya, har wasu na buga benci. Na ji kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Da ya durƙusa wa matarsa, wata a gabana ta yi tsaki ta ce, "Wagga mata da saninta, ta yi mai wani abu." Na riƙe bakina da ƙyar.

Sai aka zo wurin cin abinci. Matar ta ajiye kwano, ta koma bayan ƙofa, ta manna ido a kafa tana kallon mijinta yana ci. Francis bai sa kiɗa ba, bai sa magana ba, ya bar ta tsaye a wurin har ya ishi kowa. Dariyar ta mutu. Rachel, mai ɗinki da ke zaune a gefena, ta fara share ido da bakin gyale. Ta raɗa mini, ba tare da ta san wa take raɗa wa ba, "Haka uwata take. Tana ɓoye nama ƙarƙashin filo, wai za ta ajiye wa babanmu, shi ko ya shekara goma sha biyu da rasuwa. Mun ce maita ce ta kama ta." Da likitan cikin fim ɗin ya yi wa matar bayanin cutar, na duba Joel. Wuyansa a sandare yake, ko motsi bai yi ba.

Daga nan aka nuna tsohon ya fita da sassafe da garma a kafaɗa. Ya bi titi shi kaɗai, ya wuce shaguna, ya sami wani ɗan fili a gefen kwalta ya fara noma. An sa wani kiɗa mai sanyi. Na gane nan ne Francis yake so kowa ya yi kuka.

"A tsai da abin nan!"

Mika ne ya miƙe, yana buga sandarsa a ƙasa. Inuwar kansa ta rufe rabin zanen.

"Na ce a tsai da shi! Kai, ɗan Joel, mi ne ne wanga? Golmo ke nan?"

Francis ya tsayar da fim ɗin, tsohon cikin bango ya daskare da garma a sama. Ya ce, "Baba, golmo yake ganin ya je."

"Shi kaɗai? Wa ya taɓa zuwa golmo shi kaɗai? Ina sa'o'inai? Ina mai ganga? Ina mai ba da waƙa?"

Alhaji Abdulmalik ya ɗaga hannu daga zaune, ya ce, "Ko riƙon galmar ma ba haka ba ne. Wanga riƙon alli ne, an ga malamin makaranta."

Aka yi dariya, amma tsofaffin ba wasa suke ba. Layin gaba duk ya ɗauka. Wani ya ce a ƙungiyarsu su goma sha huɗu ne. Wani ya ce ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, abokansa ne suka nome rabonsa, surukinsa bai ma sani ba. Sun manta da cutar, sun manta da matar bayan ƙofa, abin da ya ƙona musu rai shi ne an ɓata musu golmo. Francis yana ta "Baba, labari ne," babu mai sauraronsa.

Mika ya juyo ya fuskanci jama'a. "Za a kai wanga abu Kaduna da Abuja, a ce mutanen Zuru na barin ɗan'uwansu gona shi kaɗai. Ƙarya ce! In ko da gaske ne, to abokan wanga tsoho ba mutane ba ne. Da zan gan su da na tofa musu yawu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zo da faɗan Francis a bakina, sai ga shi ya fita a kan wani.

"To Yaya Mika, ka tara yawun," na ce, "don kai ne na farko."

Kowa ya juyo.

"Yaron bai yi ƙarya ba. Haggai ne wancan, ni ce waccan ta bayan ƙofa. Kullum safiya yana tsayawa bakin ƙofa da garma, yana tambaya ko su Mika sun zo. Sunana ya manta, na 'ya'yansa ya manta, naka bai manta ba. Durƙuson da ake cewa na mallake shi, uwata yake yi wa, yana roƙon a ba shi ni. Jibi za a kai shi a sa masa mari. In akwai sauran abin da kuke so ku sani, ga ni tsaye, ku tambaya."

Matar da ta yi tsaki ɗazu ta sunkuyar da kai. Mika ya juyo ya dube ni. Da ya yi magana, muryar ta sauka, amma bai ƙyale ni ba.

"Maman Gladys, sau nawa na zo ƙofarki? Sau nawa munka zo da Alhaji, kika ce shina barci?"

Gaskiya ce, kuma ta yi mini zafi. Na ce, "Sau da yawa. Kunya na ji. Na ce in rufa masa asiri."

"Daga mu? Mu da munka gan shi ba ko riga, laka har wuya?"

Sai hawaye suka zubo mini. Amma abin mamaki, ban ji kunyar da na yi shekara biyu ina gudu ba. Ji na yi kamar na sauke damin itace daga kai bayan doguwar tafiya, wuya na ciwo amma iska na shiga. Rachel ta kama hannuna ta miƙe ita ma, ta faɗi na uwarta da ƙarfi. Wani tsohon kofur ya ce matarsa ta fi shekara tana kiransa da sunan wansa, yana ta fushi da ita yana zaton da gangan ne. Alhaji Abdulmalik ya ce yayarsa tana yin sallar azahar sau huɗu a rana, in an hana ta sai kuka. Ashe gidaje da yawa a garin nan suna da mai barci irin nawa.

Sai da Fasto ya roƙi mutane kafin aka zauna aka ƙarasa fim ɗin. In aka ce in faɗi yadda ya ƙare, ban sani ba. Idona na kan Joel, shi kuwa ana buɗe tagogi ya fice bai kalli kowa ba.

A bakin ƙofa Francis ya tare ni, ya durƙusa. "Mama, ki yafe mini. Na yi wa babana magana ya fi sau goma bai ji ba, shi ya sa na ce bari in nuna masa."

Na kama kunnensa na murɗa, duk da gemunsa. "Da ka tambaye ni," na ce. "Kuma waccan matar taka ta cika haƙuri. Ni ina yi masa tsawa, wani lokaci har in jefar da kwano, in koma ɗaki in yi kuka. In za ka sake, ka sa wannan."

Ranar Lahadi ban ji ɗuriyar Joel ba. Bai zo coci ba, wayarsa a kashe. An yini ana ruwa. Na haɗa wa Haggai kaya a jaka don kada a zo a fizge shi ba ko rigar sanyi, sannan na zazzage su, sannan na sake haɗawa. Na yanke a raina in motar ta zo zan kwanta a gabanta.

Litinin da safe, ƙasa a jiƙe, Haggai yana tsaye a bakin ƙofa da garmarsa kamar kullum, yana leƙen hanya ta saman ƙyauren. Sai na ji motar. Na san ƙarar tsohuwar motar Joel ko cikin barci. Na fito da muciya a hannu, ban ma san na riƙo ta ba.

Motar ta tsaya. Ƙofar baya ta buɗe, sanda ta fara fitowa, sannan Mika. Sai Alhaji Abdulmalik, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ya ɗaure ƙugu da rawani. Sai wasu tsofaffi biyu da ban gan su ba tun bikin 'yarmu Gladys. Joel ya zagaya ya buɗe but, ya fara fito da garemani, wasu duk sun yi tsatsa, da wata 'yar ganga da fatarta ta saki.

"Buɗe mana, Maman Gladys," in ji Mika. "Ko yau ma shina barci?"

Na buɗe kwaɗon. Haggai ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa babu alamar ya san kowa. Samari yake jira, ga tsofaffi masu furfura da tari. Mika bai gaishe shi ba, bai ce ka gane ni ba. Ya gyara murya ya ɗauko waƙar da suke fita gona da ita, da yarenmu na C'lela, da wata irin murya kamar ta tsohon zakara. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba Haggai ya amsa, kalma bayan kalma, babu wadda ya rasa.

Da suka kai ƙarshe ya haɗe rai ya ce, "Kun makara. So kuke surukina ya ce ragwaye na kawo masa?"

"Laifin Abdulmalik ne," in ji Mika, yana goge ido da bayan hannu. "Mu tafi."

Bayan gidanmu akwai ɗan fili inda nake shuka kuɓewa da masara. Nan suka nufa a jere. Noman dai ba na nunawa ba ne. Layukan sun karkace, Mika sara uku yake yi ya dafa ƙugu, Alhaji ya fi ba da umarni a kan aiki. Haggai ne ya wuce su duka, yana waiwaye yana musu tsiya, suna ramawa. Na dama kunu, na tuƙa tuwon dawa, na aika Tasalla ta kai musu ƙarƙashin mangwaro, ni na tsaya daga tagar kicin. Haggai ya sa hannu a kwano ɗaya da su ya ci har ya nemi ƙari. Rabon da in ga ya ci haka tun kafin cutar.

Joel bai riƙe garma ba, jarkar ruwa yake bi da ita yana ba su. Da ya zo cika ta a randa muka haɗu a tsakar gida. Ya tsaya yana kallon jarkar, ba ni ba.

"Matar yaya, na gaya wa dangi an fasa tafiyar."

Na karɓi jarkar na fara cika masa.

"Lokacin golmon nan ni ke ɗaukar musu ruwa," ya ce. "Wancan durƙuson, da hula a hannun hagu, a gabana ya riƙa yi wa mahaifiyarki, ina bayansa da tulu. Sai da na gan shi a bango na tuna. Na manta ne."

"Mantuwar ta yi yawa a gidanku," na ce.

Ya yi 'yar dariya, ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki jarkarsa ya koma. Ni kuwa na shiga ɗaki na zazzage jakar nan, na mayar da rigar sanyin cikin akwati.

Kafin azahar suka tashi, don rana ta fara yi musu yawa. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka Haggai ya shigo, laka har gwiwa. Ya jingine garma, ya cire hula, ya durƙusa.

"Inna, mun gama na yau."

"Sannunku da aiki. Allah ya yi albarka."

Ya murza hular a hannunsa. Ya saci kallon ƙofar ɗaki, ya rage murya don kada abokansa su ji.

"Rebecca ta ga aikin?"

"Ta gani. Tun safe tana taga."

"Me ta ce?"

"Ta ce ko shekara nawa za a ƙara, ba za ta auri kowa ba sai kai."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin wanda ya sa na yarda da shi tun farko. Ya miƙe ya sa hularsa, ya leƙa waje ya ɗaga murya.

"Mika! Gobe gonar surukin wa za mu?"

"Naka," in ji Mika daga bakin ƙofa. "Akwai sauran aiki. Ka jira mu, kada ka tafi kai kaɗai."